Mota tana ƙwaram-ƙwaram a gargada? Ga yadda ake gano ƙarar birki fad da gyaranta

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk sati sai wani ya tare ni da ita, wani a waya wani a bakin masallaci: "Malam, motata da na hau gargada sai in ji ƙwaram-ƙwaram ta wajen tayar gaba kamar an zuba cokula a kwano, na canza shoka na canza linkej amma ƙarar tana nan." To yau dai na zauna in rubuta shi tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi ci min rai a lamarin shi ne kuɗin da bayin Allah suke zubarwa a banza, a kwance maka ƙafar mota gaba ɗaya a sa ka sayi kayan da naka lafiyarsu ƙalau, alhali abin da ya jawo ƙarar wani ɗan siririn ƙarfe ne mai suna kilif da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda aka yar a ƙasan gareji ranar da aka canza maka fad, wato abin da yake kama taya ya tsayar da ita in ka taka birki.

Zan yi misali da Toyota, Corolla da Camry, don su suka fi yawa a hannun mutane kuma su na fi taɓawa. Inda Honda ko motocin Jamus suka bambanta zan faɗa.

1. Fara da kunne tukunna, kada a kwance komai

Ka kwashe duk tarkacen da ke but, jak da wil sufana da galan da kwalabe, don su ma suna tasu ƙarar su ruɗa mutum. Ka samu layin unguwa mai gargada ko burji inda ba cunkoso, ka sauke gilasai, ka kashe rediyo da AC, ka bar motar tana tafiya a hankali kamar 20 zuwa 30 a agogo. Da ka ji ƙarar ta fara sai ka ɗora ƙafarka a fedar birki ka danna kaɗan, ba don ka tsaya ba, iya yadda za ka ji birkin ya fara kamawa kawai motar na ci gaba da gangarawa.

In ƙarar ta ɗauke ɗif da ka taɓa birki, ka saki ta dawo, ka sake taɓawa ta sake ɗaukewa, to ka kama ɓarawon, a birki yake. Dalili kuwa, da ka taka, fistin (ƙarfen da man birki yake turowa) yana matse fad a jikin diski (faifan ƙarfen da yake juyawa tare da taya) ya kuma ɗaure kalifa (gidan da fistin yake ciki, wanda ya rungumi fad da diski), duk abin da yake wasa a wurin sai ya rasa wurin motsi. In kuwa ka taka ƙarar ko ragewa ba ta yi ba, ka ƙyale birki, ka koma kan linkej, bol join, tayarod, bushin ko kan shoka. Gwajin nan ko sisi ba ya ci, minti biyar ne, amma wallahi mutum nawa aka canza wa shoka biyu ba tare da an yi shi ba.

Gwaji na biyu: ka sa ribas ka ja baya kaɗan ka taka birki, ka sa giyar gaba ka matsa ka sake takawa. In duk juyi sai ka ji "ƙwas" guda ɗaya, fad ne yake zamewa sama da ƙasa a cikin biraket, wato ƙarfen da yake zaune a ciki, wannan ma matsalar birki ce.

In kana zargin ƙafar baya ce kuma birkin hannunka na ja ne, ka riƙe maɓallinsa a danne ka ɗaga shi kaɗan ka saurara. Gargaɗi: wannan a tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba ake yinsa, in ka ja birkin hannu mota na gudu bayanta zai iya juyawa da kai.

Kada kuma ka haɗa wannan ƙarar da sauran. Tsuwwa mai tsini "ƙiiii" yawanci ɗan ƙarfen gargaɗi ne na jikin fad yake shafar diski, yana gaya maka fad ya kusa ƙarewa. Gurza "gurrr" in ka taka, fad ya riga ya ƙare ƙarfe ne yake cin ƙarfe, wannan ka ajiye motar yau ɗin nan. Rawar feda ko sitiyari in ka taka a guje, diski ne. Gunji mai ƙaruwa da gudu kuma boris ne.

2. Kayan aiki

Jak, da jak sitan ko kututturen katako mai kauri, wil sufana (21 a Toyota, 19 a Honda), sufana ko soket 14 da 17, sukurudireba mai faɗin baki, filaya, buroshin ƙarfe, samfefa, tsumma mai tsafta, tocila, waya ko igiyar rataye kalifa, feshin wanke birki na gwangwani, da giris na birki. Mai motar Jamus ya nemi alanki mai lamba 7, da yawansu da shi ake kwance fin, wato sandunan ƙarfe biyu da kalifa take zamewa a kansu.

Maganar giris ɗin nan ka riƙe ta da kyau, na silikon za ka ce a ba ka, wanda aka yi don birki. Zan dawo kanta a mataki na 8 don a nan ake yawan ɓata aiki.

3. Ɗaga motar

A ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, ba a kan yashi ko gangare ba. In yanzu ka dawo daga tafiya ka bari birkin ya huce, diski yana ƙona hannu sosai. Ka sa giya a P, in manuwal ce giya ɗaya, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya da dutse. Ka sassauta notocin taya tun motar na ƙasa sannan ka ɗaga.

Gargaɗi: kada ka yarda ka sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, kuma dan Allah kada ka tokare da bulo, bulon siminti tarwatsewa yake lokaci ɗaya ba sallama. Jak sitan ko katako, sannan tayar da ka cire ka tura ta kwance ƙarƙashin motar, ko da wani abu ya zame a kanta zai sauka.

4. Girgiza kafin kwancewa

Tun tayar na jiki, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. In tana wasa sama da ƙasa ka duba boris ko bol join, hagu da dama kuma yawanci tayarod. Daga nan ka dunƙule hannu ka naushi gefen tayar da ƙarfi kana saurare, sau da yawa ƙarar nan da ta dame ka a hanya za ka ji ta a nan ƙarara. Ka sa wani ya shiga ya taka birki ka sake naushi, in ta yi shiru ka ƙara tabbatarwa.

Cire tayar, ka mayar da noti biyu ka ɗaure diski da su da hannu, don in ba haka ba shi kansa diskin zai dinga kaɗawa ya ruɗa ka. Ka juya sitiyari yadda kalifa za ta fuskanto ka. Yanzu kama ta da hannu biyu. In ta ɗan zame ciki da waje wannan daidai ne, haka aka yi ta, tafiyarta ke nan. Amma in ka ɗaga ta sama da ƙasa ko ka karkata ta ka ji ƙwas-ƙwas, fin ne ko robarsa, ko bolt ya saki. Sai ka zura bakin sukurudireba ka tura fad ɗin sama da ƙasa ta wajen ƙarfen bayansa. Lafiyayyen fad ba ya motsi ta nan. In ya motsa har da ƙara, kilif ne, wato siraran ƙarafan da suke danne kunnen fad, ko fad ɗin ba na motar ba ne.

5. Kwance kalifa

Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, kuma duk abin da ka cire ka sake ɗauka. Ƙafa ɗaya ake yi a gama sannan a koma ɗayar, saboda in ka rikice kana da ta dubawa.

Bolt biyu ne masu 14 a bayan kalifa. A wasu motocin fin ɗin yana juyawa tare da bolt, sai ka riƙe shi da siririyar sufana 17. Ka zare kalifar a hankali, in ta ƙi ka ɗan tura fistin baya kaɗan da sukurudireba ta jikin tsohon fad. A motocin Jamus akwai wata ƙatuwar waya mai siffar baka a fuskar kalifa ta waje, ita za ka fara ɓamɓarewa, ka dafe ta da hannu don tana tsalle ta nufi ido. Ita wannan wayar ita ce mai hana ƙara a irin waɗannan motocin, in ka duba ba ka gan ta ba ko an sa ta a karkace, ka riga ka ga matsalarka.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka bar kalifa tana lilo a jikin tiyon man birki, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, tiyon yana iya lalacewa ta ciki ba ka gani ba. Sannan kada kowa ya taka birki kalifa tana waje, fistin zai fito mai ya zube, ka jawo wa kanka wani aikin. In akwai yara a gidan ka kulle ƙofar motar.

Ƙurar da ke wurin kada ka hura ta da baki ko iskar mai faci, ba ta da kyau ga huhu ko kaɗan. Feshi da tsumma.

6. Kilif, inda matsalar ta fi zama

Ka dubi biraket, wato ƙarfen da fad yake zaune a ciki. Kowane fad yana da kunnuwa biyu, sama da ƙasa, kuma kunnuwan ba a kan biraket tsirara suke zama ba, akwai wasu siraran ƙarafa farare masu sheƙi da aka lanƙwasa aka kwantar a cikin ramin, su ne kilif. Wasu motocin biyu ne dogaye a kowace ƙafa, wasu huɗu ƙanana. Aikinsu biyu: suna ba fad hanya mai santsi ya shiga ya fita, kuma suna da ɗan harshe mai tauri kamar sifirin da yake danne kunnen fad ya hana shi tsalle. Wannan harshen shi ne maganar gaba ɗaya.

Abin da za ka tarar ɗaya ne cikin huɗu. Ko babu su sam. Ko akwai na sama babu na ƙasa. Ko suna nan amma zafi da tsufa sun kashe harshen ya kwanta ba ya danne komai. Ko kuma tsatsa ta taru a ƙarƙashinsu ta tura su sun karkace.

Na farkon ya fi yawa kuma na san yadda yake faruwa don na sha tsayawa ina kallo. An kawo sabon fad mai araha, kunnensa ya ɗan yi kauri da fenti ya ƙi shiga, oga yana can kan wata motar, yaro yana sauri, sai ya sa sukurudireba ya fincike kilif ya yar, fad ya faɗa salin alin, a ɗaure a ba ka makulli. Birki yana kamawa lafiya, ba za ka san an yi komai ba sai ka hau gargada. Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kawo min Camry ɗinsa bayan an canza masa linkej har sau biyu, muka buɗe ƙafar dama, babu kilif ko ɗaya, kunnen fad ya yi ta dukan biraket har wurin ya yi sheƙi kamar an goge shi, ka sa yatsa ka kaɗa fad ɗin yana kacau-kacau. Shi kansa da ya gani sai da ya yi salati, ya ce da iyalinsa yake hawa hanyar Zariya da wannan motar duk sati.

Gyara: ka ciro tsofaffin, ka kankare ramin biraket da buroshin ƙarfe da samfefa har ka ga farin ƙarfe, ka shafa giris ɗan kaɗan a ƙarƙashi don tsatsa, ka danna sabon kilif har ya zauna daram ya kwanta a jikin biraket ba tare da wani gefe ya ɗago ba. Ka lura da na sama da na ƙasa, da na ciki da na waje, a wasu motocin ba iri ɗaya ba ne, hoton da ka ɗauka zai yi maka amfani. Da ka sa, ka juya diski da hannu ka tabbatar ba inda kilif yake shafarsa.

In dare ya yi maka ko kana kan tafiya ba inda za ka samu sabo, za ka iya ɗago harshen tsohon da filaya kaɗan ya dawo da ƙarfinsa. Wannan na kai ka gida ne kawai, ƙarfen da ya riga ya gaji ba ya daɗewa zai sake kwanciya.

Gargaɗi mai girma: kada ka bari a kai fad ɗinka wajen mai walda a ɗiga masa ƙarfe a kunne wai don ya cike wurin, kada a daddake kunnen da guduma don ya baje, kada a cusa gwangwani ko a ɗaure da wayar gini. Duk na ga ana yi. Ƙarar tana ɗaukewa kam, amma fad ɗin ya daina tafiya, sai ya maƙale a jikin diski yana ci yana zafi, mota tana jan gefe ɗaya tana shan mai, zafin waldar kuma yana iya raunana gam ɗin da ya riƙe naman fad da ƙarfensa, ranar da naman nan ya ɓalle a guje feda ƙasa za ta tafi.

7. Duba fad ɗin kansa

Sabon fad namansa yana kai wa milimita 10 zuwa 12. In ya sauko wajen 3, tunda ka riga ka buɗe kawai ka canza. Ka duba na ciki da na waje, in ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da kauri, ko fad ɗaya ya ci a karkace kamar bakin gatari, fin ne ya maƙale, mataki na gaba zai nuna maka.

Ka dubi kunnuwan. In an gurza su da giranda za ka ga alamar, fad ɗin da aka rage wa kunne ya wuce misali ko sabon kilif ba zai riƙe shi ba, sai canji. Sabon fad in ya ƙi shiga, fentin kunnen kawai ake gogewa da samfefa, ba a cin ƙarfen.

A bayan fad akwai shim, wani siririn faranti ɗaya ko biyu. Shi ya fi maganin tsuwwa, amma in ƙugiyoyinsa sun saki shi ma yana kaɗawa. In naka na asali suna da kyau kuma sabon fad bai zo da nasa ba ka mayar da su, kada a zubar. Wasu motocin kuma suna da 'yar waya mai siffar V a saman fad biyun, ita ma a mayar da ita.

Gwajin da nake yi kullum: in na sa fad a biraket, ya kamata in iya tura shi ciki da waje da yatsa biyu, amma in na kaɗa shi sama da ƙasa ya tsaya cak. In sai da guduma ya shiga ya matse da yawa, in kuma yana faɗowa da kansa ya yi sako-sako.

8. Fin da robobinsa

Fin biyu ne suke shiga cikin biraket, a kansu kalifa take zamewa. Ka zaro su ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su, don a mota da yawa ɗaya yana da 'yar roba a kusa da bakinsa ɗayan ba shi da ita, kuma kowanne da raminsa. Wannan 'yar robar ita ce take hana kalifa kaɗawa. In ta cinye, ko ta tsage, ko an cire ta an yar, to ko da kilif ɗinka sababbi ne fil ƙarar ba za ta tafi ba.

Me ya sa ake cire ta? Saboda an shafa mata baƙin giris na boris ko baƙin mai, ko an wanke ta da fetur, roba kuwa ba ta shiri da waɗannan, sai ta kumbura fin ya ƙi shiga, mai gyara na gaba sai ya yanke ta ya huta. Shi ya sa na nace a kan giris na silikon. Shi ba ya kumbura roba kuma zafi ba ya narkar da shi ya tsiyaye.

Ka goge fin tas ka duba. In tsatsa ce sama-sama samfefa mai laushi ta isa. In ya yi ramuka ko ya sirance ta gefe ɗaya, canji. Ka nannaɗe tsumma a sukurudireba ka share cikin ramin da feshi har tsumman ya fito da tsabta, za ka sha mamakin busasshiyar laka da ƙurar hunturu da za su fito. Ka duba robar nan mai kama da zugazugi da take rufe bakin ramin, in ta yage ta nan ruwan damina da na wankin mota suke shiga, a canza ta. Ka shafa giris a jikin fin daidai misali, kada ka ɗura shi a ramin ya cika, don in ya taru a ƙarshen ramin fin ba zai shige ba, zai dinga turowa waje. Ka tura ka ja sau da yawa, ka tabbatar bakin robar ya hau gurbinsa ta duka ɓangarorin.

Sannan ka kaɗa fin ɗin a cikin raminsa. In sabon fin ne da sabuwar roba amma har yanzu yana girgiɗi sosai, ramin biraket ɗin ne ya buɗe, sai a nemi wani biraket. Gargaɗi: naɗa wa fin salatif ko robar tiyub ba gyara ba ne. Kwana kaɗan zafi zai narkar da shi ya zama danƙo ya riƙe fin ɗin, ka tashi daga matsalar ƙara ka koma matsalar birki mai maƙalewa.

9. Biraket da farantin baya

Bolt biyu manya masu 17 su suke riƙe biraket a jikin ƙafar mota. Ka sa sufana ka gwada su. In ka tarar ɗaya a sake, ka gode wa Allah da ya nuna maka, don wannan in ya fita kalifa tana iya juyawa ta daki rim ta kulle taya. In haƙoran bolt ɗin sun lalace ka sayi irinsa na birki, kada a ɗauko kowane bolt daga kwandon tarkace.

Farantin nan siriri na bayan diski shi ma ka ƙwanƙwasa shi, in ya lanƙwashe ka miƙar da hannu, ka kuma duba ko tsakuwa ta maƙale tsakaninsa da diski.

10. Kasuwa da kuɗi

Farashi kullum tafiya yake da dala, amma jerin yawanci haka yake: kilif da robobin fin su ne mafi araha, sai fin, sai fad, sai biraket, sai diski, kalifa sukutum ita ce mai tsada. Kuɗin shoka guda ɗaya ya ninka na kilif nesa ba kusa ba. Don haka in wani ya ce maka sai an canza kalifa gaba ɗaya saboda ƙara kawai, ba ta yoyon mai fistin bai maƙale ba, ka ce ya nuna maka dalili da hannunsa.

Ko Ƙofar Ruwa za ka je a Kano, ko Apo a Abuja, ko wajen 'yan sifiya na garinku, ka tafi da tsohon fad da fin da kilif ɗaya a leda. Ka haɗa tsoho da sabo baya da baya ka duba kunnuwan sun yi daidai. Sunan mota da shekara kaɗai ba su isa ba, Camry ko Corolla shekara ɗaya sai ka ga birkinsu ya bambanta saboda ƙasar da aka haɗa su. Ka dubi lambar casis, in ta fara da J haɗin Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, ka gaya wa mai shago. Ba kowane shago yake ajiye kilif shi kaɗai ba. In ka rasa, ko ka sayi fad mai kyau da yake zuwa da nasa a kwali, ko ka nemi biraket na Beljiyam wanda kilif da fin ɗinsa suke jiki, sau da yawa wannan ya fi sauƙi kuma ƙarfen asali ne. Akebono, Advics, Bosch, Textar, TRW duk sunaye ne masu kyau a fad, sai dai kwali ba shaida ba ne don ana buga na jabu, ka buɗe ka ga kayan, ka zaga shago biyu uku kafin ka biya.

Fad ba a canza ƙafa ɗaya, hagu da dama tare, in ba haka ba mota za ta dinga fizga gefe in ka taka. Kilif ma haka na fi so.

In bakanike ne zai yi maka, ka tsaya a wurin, ka ce a nuna maka kilif a zaune kafin a rufe, kuma a ba ka tsofaffin kayanka a hannu. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

11. Haɗawa

In sabon fad ka sa sai an mayar da fistin ciki. Ka buɗe bonet ka sassauta murfin man birki, ka ɗora tsohon fad a fuskar fistin ka matse a hankali da kilam ko babbar filaya, kana leƙa tankin kada ya yi ambaliya, man birki yana cin fentin mota. Gargaɗi: kalifar baya ta mota irin su Honda Accord da Golf, wadda birkin hannu yake jikinta, fistinta murɗa shi ake yana shiga, in ka matse da ƙarfi za ka lalata ta. Mai birkin hannu na maɓalli kuma ya kai wa mai kwamfutar mota ya buɗe masa.

Giris ɗan kaɗan a kunnuwan fad da bayan shim. Ko ɗigo kada ya taɓa naman fad ko fuskar diski, in ya taɓa diski ka wanke da feshi, in ya jiƙa fad ɗin ya tashi aiki. Fad mai ƙarfen gargaɗi ya koma inda ka tarar da tsohon. Ka mayar da kalifa, ka duba tiyo bai murɗe ba.

Wanda yake da sufanar awon ɗauri, a yawancin Corolla da Camry bolt ɗin fin 34 Nm ne, na biraket 107, notin taya 103. Wanda ba shi da ita, na fin ɗauri ne na hannu ɗaya da gajeriyar sufana, kada a sa masa bututu yana karyewa, na biraket kuma a ɗaure shi tamau. Notocin taya a ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda yake fuskantarsa a ɗaya gefen, a ƙarasa bayan motar ta sauka ƙasa.

12. Taka feda kafin ka motsa

Wannan kada ka manta shi ko da me. Kafin ka sa giya ka taka birki sau biyar sau goma har fedar ta yi tauri, saboda fistin da ka tura yana can nesa da fad, takun farko ƙasa zai tafi ba abin da zai kama. Mutane sun daki katanga da ƙyauren gida a daidai wannan gaɓar. Ka duba man birki yana tsakanin alamomin biyu, in za ka ƙara ka duba abin da aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, ka rufe.

Ka koma layin nan mai gargada na mataki na 1 ka saurara. In sabon fad ne, ka samu hanya mara cunkoso ka kai kamar 50 zuwa 60 ka taka matsakaici har ka sauko wajen 10, ka maimaita sau takwas ko goma kana ba shi tazara ya sha iska, don fad ya zauna a jikin diski. Da ka dawo ka kara bayan hannunka kusa da rim ɗin hagu da na dama ba tare da ka taɓa ba, in ɗaya ya fi ɗayan zafi sosai ko kana jin ƙauri, wani abu ya matse, a sake buɗewa a duba fin da kilif na wannan ƙafar.

In gaba ta yi shiru amma har yanzu kana jin ƙara daga baya kuma motarka mai durom ce, kamar Corolla da yawa, can ba fad ba ne, lainin ne, kuma abin da ke sakinsa wasu ƙananan sifirin ne masu 'yar hula da suke danne shi a jikin faranti. Ka tare tayoyin gaba da dutse, ka sauke birkin hannu don durom ba ya fita in yana ja, ka buɗe ka duba ko ɗaya ya karye ya faɗa ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu da gama aikin ka sake bin notocin taya da wil sufana.